Tankin Ruwan Tasha

Auta na tsugune gaban tanki na ƙarshe, hannunta cikin ruwa har gwiwar hannu, sai ta ji takun Farfesa a bayanta. Ba sai ta waiwaya ba. Duk cibiyar binciken tekun nan shi kaɗai ke shigowa ɗakin tankuna da takalmin fata, yana ɗaga ƙafa yana tsallake jiƙar siminti kamar kaza cikin ruwan sama. Ya zo ya tsaya a kanta, ya dubi ruwan tankin, wanda launinsa ya yi kama da tsinkakken shayi, sannan ya zaro hankici ya ɗora a hanci.

"'Yata, har yanzu kina fama da wannan kwatamin?"

Ta miƙe ta gaishe shi, ruwa na ɗiga daga yatsunta. Duk wanda ya daɗe a cibiyar ya san ranar da Farfesa ya kira ka ɗansa, to akwai abin da zai karɓe a hannunka. Auta ma ta san da haka.

Murjani ne a cikin tankin. Wanda bai sani ba zai rantse dutse ne ko busasshen reshe, alhali rai gare shi, yana ci yana girma, yana kuma ciwo. A cikin yauƙin da ya lulluɓe jikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa, wasu na taya shi samun abinci, wasu na tsare shi daga cuta da zafin ruwa. Ma'aikatan cibiyar 'yan haya suke ce musu.

A kan 'yan hayan nan Farfesa ya yi suna. Shekarun baya, da ruwan teku ya yi zafi murjani ya yi ta mutuwa yana komawa fari fat, sai ya tarar da wani gungu guda da ya tsira. Ya ɓallo shi, ya yaɗa irinsa a tankuna, ya shelanta wa duniya cewa wannan irin gadon 'yan hayansa yake yi, duk inda aka kai shi da su zai tafi, saboda haka a dasa shi a kowane ruwa ba zai mutu ba. Wata gidauniya ta yarda, ta ɗauki nauyin cibiyar. Aka yi wa gini fenti, aka sauya wa Farfesa mota, aka kafa hotonsa a baranda rungume da murjanin, hoton har ya fi ƙofar ɗakin gwaji girma.

Auta ba ta zo don ta ƙaryata kowa ba. Reshe ɗaya kawai ta ɗauka daga irin Farfesa, ta kakkarya shi gutsi-gutsi. Rabi ta saka a ruwa mai tsabta da ake ɗebowa can nesa da gaɓa, rabi kuma a ruwan tashar jiragen ruwa, mai baƙin mai da dattin gari, wanda take bin mota da kanta a ɗebo a durom. Tunda duka gutsattsarin jiki ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya in ji masu shara, duk bambancin da ya fito daga baya aikin ruwa ne. Bambanci kuwa ya fito. A ruwan tasha 'yan hayan gado kaɗan ne suka zauna, sauran duk suka watse, na tasha suka shige gurbinsu. Fiye da rabin murjanin ya mutu. Wanda ya rage ya yi duhu, ya tsumbure, ba kyan gani, amma yana raye da sababbin 'yan hayansa, kuma ba wanda ya san dalili tukuna. Da ta kai wa Farfesa awon farko ya ce na'ura ce ta yi kuskure, ta bari zafin bana ya wuce ta sake awo. Shekara biyu ke nan tana renon su, ga zafin ya kusa wucewa.

Farfesa ya ce baƙi daga gidauniya za su iso bayan azahar, kuma irin baƙin nan ne masu leƙa kowane lungu. Yana son ya ga tankin fanko kafin su zo. A wanke shi tas, a zuba ruwa mai kyau, Dogo zai kawo kifaye masu launi a saka. Dogo abokin aikinta ne, tare aka ɗauke su, shi ne mai riƙe wa Farfesa jaka in za a taro.

Ta roƙe shi ya bari ta lulluɓe tankin da tamfol. Ya ce abin da aka lulluɓe shi baƙo ke fara ɗagawa. Ta ce to a gusar da shi ɗakin ajiya. Ya ce can babu wutar da za ta ja injin iska, ita ma ta sani. Ta ce aƙalla ta yanki ɗan kaɗan daga kowanne ta daskarar, ko awon bai cika ba a samu na nunawa. Ya ce makullin firiza na wajen Dogo, kuma ba zai yarda a cusa kayan kwatami cikin samfurori masu tsabta ba.

"Ranka ya daɗe, in suka bar ruwan nan mutuwa za su yi."

"Ni na ce ki kashe wani abu? Tanki na ce ina so."

Ya juya zai fita, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya kamar wanda ya tuna wani ɗan ƙaramin abu. Ya tambayi jikin Baba, mahaifinta. Ya ce takardar sabunta aikinta na kan teburinsa tare da ta Dogo, ga shi gurbi ɗaya aka ba shi bana, abin ya hana shi barci. Ya ce gidan nan na ƙasa da take ciki ma mutane da yawa sun sa masa ido, shi ne yake ta tare mata. Ya yi mata murmushi irin na uba, ya tsallake ruwa ya fita.

Gidan na bayan cibiyar ne, cikin rukunin gidajen ma'aikata. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, amma ba shi da matakala ko ɗaya, kuma ƙofar banɗakinsa na da faɗin da keken guragu ke shiga. Saboda wannan ƙofar kaɗai Auta za ta iya lasar takalmin Farfesa. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye take dawowa da hantsi ta juya shi, ta ba shi magani, ta shafa masa mai a baya kada gyambo ya kama shi. Yayanta na da gida a gari, hawa na huɗu, benen da ko mai lafiya sai ya huta a hanya, matarsa kuma ta faɗa tun da wuri, ba a bayan ido ba, cewa ita ba ta iya ɗaukar tukunyar fitsarin kowa.

Ta tarar da Baba ya karkace a kan matashi yana sauraron rediyo. Tsohon direban bas ne. Ciwon ya cinye masa hannu da ƙafa, amma ya bar masa harshe yadda yake. Tana shigowa ya tambaye ta lafiyar jikokinsa na cikin gilashi, tunda dai su kaɗai ta ga dama ta haifa masa. Kullum sai ya yi wannan tsokanar, kullum sai ta ce suna gaishe shi. Yau kuwa sai ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa ta juya shi da ƙarfin da ya wuce kima, har ya yi ƙara.

Da ya matsa mata ta gaya masa komai, tana goga masa mai ba ta dubi fuskarsa ba. Ta yi zaton zai ce ta tsaya kan gaskiyarta, don shi ne mutumin da ya taɓa ajiye makullin mota a gaban mai ita saboda an ce ya ɗauki lodin da ya wuce ƙa'ida, labarin da suka ji har suka haddace. Sai ya bi rufin ɗakin da kallo.

"Auta, in suka karɓe gidan nan, kada ki kai ni wajen yayanki. Ki tura keken nan bakin gaɓa ki sake shi, ya fi mini sauƙi." Ya juyo da idonsa kanta. "Duwatsu ne fa. Ni ubanki ne."

Ta rufe kwalbar man, ta gyara masa zane, ta ce ya sha ruwa. A hanyar komawa ta kira yayan nata a waya, ya ce yana cikin taro, in maganar Baba ce ta yi haƙuri ta ci gaba da yadda take yi, Allah na ganin ƙoƙarinta.

Ta yi tunanin bokiti, ta kai su gida ta ɓoye, amma ba injin iska ba za su kai yamma ba. Ta yi tunanin mayar da su teku, sai dai abin da ya sha ruwan tasha shekara biyu ba a kai shi kusa da lafiyayyen murjani, ita da bakinta ta sha koya wa ɗalibai haka. Ta zagaya ta zagaya, ta dawo inda Farfesa ya ajiye ta. Sai ta miƙa hannu ta kashe injin. Ƙarar da ta saba ji dare da rana ta ɗauke, kumfar ruwan ta kwanta.

Kowane gutsure a manne yake kan ɗan fale-falen siminti mai lamba, amma ita ba ta buƙatar lamba. Ta san mai karkataccen kai. Ta san wanda ya yi fari bara har ta cire rai, ya dawo ya yi tsiro biyu. Ta ɗebe su ɗaya bayan ɗaya ta jera a babbar roba, ta kinkima zuwa famfon bayan gini inda ake wanke durom. In ta bar su a iska za su daɗe suna mutuwa, warinsu ya cika wurin kafin baƙi su zo. Ruwan famfo ya fi sauri, murjani ba ya jure ruwan da ba gishiri. Ta buɗe famfon.

Da farko yauƙi suka yi ta fitarwa, mai kauri, har ruwan robar ya yi fari. Daga baya naman ya fara saɓulewa. Ta kama bakin tiyo da babban yatsa ta feshe su, fatar mai duhu na zamewa tana bin magudana, farin ƙashi na fitowa. Warin ruɓaɓɓen kifi ya tashi. Ta tsani Farfesa a lokacin nan, tsana mai ɗaci da ta ji har a harshenta. Ta tsani yayanta da matarsa. Na ɗan lokaci ta tsani Baba ma, da bayansa da ke son mai kullum, sannan kunyar hakan ta kama ta, ta ƙara wa famfon ƙarfi.

Tana cikin wanke tankin Dogo ya shigo yana fito, riƙe da ledoji cike da ruwa, kifaye ja da rawaya na iyo a ciki. Ya yi mata sannu da aiki, ya ce kai, ashe gilashin nan fari ne. Dogo ba mugu ba ne. Mutum ne kawai da bai taɓa ɗaga abin da ya fi jakar Farfesa nauyi ba, kuma duniya ba ta taɓa tambayarsa dalili ba.

Baƙin su uku ne, amma kallo ɗaya za ka yi ka san mai magana a cikinsu. Wata 'yar tsohuwa ce, gajera, da sanda da takalmin roba, alamar ta saba shiga ɗakin tankuna. Farfesa ya bi da su tanki tanki yana zuba jawabin da kowa a cibiyar zai iya ƙarasa masa. Auta na tsaye a gefe cikin farar riga, ta ɓoye hannuwanta a aljihu don har yanzu suna wari. Da aka zo kan kifaye masu launi tsohuwar ko kallonsu ba ta yi ba. Ta jira ya kai aya, sannan ta dogara sandarta ta ce ba yawon buɗe ido ya kawo su ba.

Ta ce sun dasa irin Farfesa a bakin tashoshi uku, zafin farko ya kashe shi duka. Ba ta zo faɗa ba, amma masu gidauniya sun ce a rufe famfon kuɗi. Abu ɗaya ne zai sa ta koma ta roƙe su: in akwai wanda ya taɓa gwada irin nan a cikin ruwa mai datti, ya ga abin da ke faruwa da ƙananan halittun jikinsa. In akwai wannan aikin, da murjani mai rai da za ta gani da idonta, to shi za su riƙe, su riƙe mai yin sa, na shekaru masu yawa.

Auta ta dubi tankin da ta wanke. Farfesa kuwa ko ƙifta ido bai yi ba.

Ya ce ai shi ya ba da umarnin a fara wannan gwajin tun shekara biyu da suka wuce, don ya daɗe yana zargin haka. Ya shiga bayani: reshe ɗaya, ruwa biyu, 'yan kaɗan na bin gado, mafi yawa na bin ruwa, wasu gutsattsarin kuma na rayuwa da sababbin da suka samu. Kalmominta ne, yadda ta jera masa su a ofis ranar da ya ce na'ura ta yi kuskure, bai manta ko ɗaya ba. Fuskar tsohuwar ta saki. Ta tambaya ina suke.

Farfesa ya sauke numfashi, ya dubi Auta da tausayi. Ya ce bai so ya faɗi wannan a gaban yarinyar ba. Tana da mahaifi kwance ba lafiya, hankalinta ya rabu biyu tun da daɗewa, shi kuma ya yi ta kawar da kai. Yau da safe aka wayi gari ta sa musu ruwan famfo. Babu wanda ya tsira.

Tsohuwar ta juyo gaba ɗaya.

"Gaskiya ne, 'yan mata? Ke kika sa musu ruwan famfo?"

Auta ta dubi Farfesa. Yana tsaye ya harɗe hannu, yatsansa na wasa da kan alƙalamin da ke aljihun gabansa. Ta ga ƙofar banɗaki mai faɗi, ta ga bene hawa huɗu. In ta rufa masa asiri a nan, ai ko don kunya ba zai juya mata baya ba.

"Ni ce, ranki ya daɗe."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, ba fushi a fuskarta, sai ƙyama. Ta ce ita ma ta yi jinyar uwa, ba ta taɓa kashe abin da aka ba ta amana ba. Sannan ta ce wa Farfesa in za a sake aikin za ta yi magana da mutanenta, amma ba za ta sa ko kwabo a hannun da ya yi wannan ba. Farfesa ya ce kada ta damu, an riga an yanke hukunci, aikin yarinyar ƙarshen wata zai ƙare. Dogo ne zai fara gwajin daga tushe, shi da kansa zai sa ido. Aka wuce ɗakin taro shan lemo.

Bayan motar baƙi ta tashi ta tare shi a baranda, ƙarƙashin hotonsa. Bai bari ta buɗe baki ba. Ya ce 'yata, kin ji da kunnenki, matar nan ta ɗaure mini hannu. Ya ce gidan ma ba zai matsa mata ba, tana da har ƙarshen wata. Abin da yake roƙo kawai, ta nuna wa Dogo yadda ta tsara komai kafin ta tafi, don kada wahalarta ta tafi a banza.

Da la'asar Dogo ya same ta a ɗakin tankuna tana tattara kayanta. Ya yi ta sosa ƙeya, ya ce wallahi bai ji daɗi ba, amma haka aiki yake. Ya tambayi inda ake ɗebo ruwan tasha, ta gaya masa. Ya tambayi sau nawa ake canzawa, ta gaya masa, ya ɓata fuska don ya ji da yawa. Sai idonsa ya kai kan bango, inda burushi biyu na wanke gilashi ke rataye nesa da juna, ɗaya mai jan hannu, ɗaya mai shuɗi, kowanne da bokitinsa a ƙasa. Ya tambaya me ya sa biyu.

Jan na tankin tasha ne, shuɗin na sauran ɗakin, kuma ba su taɓa haɗuwa ko a wajen shanya ba. Burushin da ya shiga ruwan tasha in ya faɗa tanki mai tsabta, 'yan hayan can zai kwaso ya juye a nan. Gwajin zai zama shirme ba tare da kowa ya lura ba, cutar tasha kuma za ta bi layi tanki bayan tanki, har ta kai ga uwar irin da Farfesa ke rungume da ita a hoto. Auta ta dubi tankunan. Su ma ita ta rene su, ta san su ɗaya ɗaya, suna tsaye cikin ruwa garau suna kaɗa 'yan yatsunsu, ba su yi mata laifin komai ba.

"Ɗaya ya isa," ta ce. "Ɗayan na ajiya ne."

Dogo ya washe baki, an rage masa aiki. Ya sauko da shuɗin ya jefa cikin kabad, ya ce Allah ya saka da alheri, shi dama ya sha gaya wa mutane ita ba ta da ƙyashi.